Nikel Mai Yawa a Batirin Litiyam: Ƙarfin da Yake Bayarwa da Kulawar da Yake Nema a Yanayin Kano

Duk mai haɗa batir a Kano, ko a rumfunan Farm Centre ko a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari, ya saba da 'yan dogayen baturan nan da ake kira 18650, waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutocin cinya da injinan huda katako, ko a shigo da su sababbi a kwali. A ido duk ɗaya suke. Amma a jikin wani za ka ga ICR, wani IFR, wani kuma INR, kuma harafin tsakiyar nan ne ke faɗin abin da aka yi katod ɗin batirin da shi: C kobalt, F ƙarfe da fosfet, N nikel. Mafi yawan baturan da ke ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki a yau daga gidan nikel suke, kuma ba sa yafe sakaci. Ƙarfinsu da rauninsu daga tushe ɗaya suka fito, shi ya sa wanda ya fahimci tushen ba ya buƙatar haddace dokoki.

Katod shi ne ɓangaren da litiyam ke fita daga cikinsa idan ana caji, ya ratsa ruwan batir ya shiga ɗaya ɓangaren, wato anod na garafait, sannan ya dawo idan ana jan wuta. Baƙin gari ne mai laushi da aka shafa a fallen alminiyam. Na farkon da ya shiga kasuwa na litiyam da kobalt ne, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Oxford a 1980, kamfanin Sony ya fara sayar da batirinsa a 1991, kuma har yau shi ne a mafi yawan wayoyin hannu. Sai dai kobalt na da tsada, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Sai aka shiga rage shi ana cike gurbinsa da nikel da manganis, aka sami dangin NMC. Lambobin da ke bin sunan rabon ƙarafan uku ne. A NMC111 kowanne kashi ɗaya ne, a NMC622 nikel ya kai kashi 60, a NMC811 ya kai 80, manganis da kobalt goma-goma. Akwai kuma NCA, inda alminiyam kaɗan ya maye gurbin manganis, nikel ɗinsa ma daga 80 yake farawa. Waɗannan na 80 zuwa sama su ne aka fi nufi da masu nikel mai yawa.

Ribar a bayyane take. Giram ɗaya na NMC111 yana ba da kimanin mAh 160 (mAh ma'aunin yawan caji ne), NMC622 kusan 180, NMC811 kuwa kimanin 200. LFP, wato na ƙarfe da fosfet, yana ba da kimanin 160 amma a bolt 3.2, yayin da na nikel ke aiki a 3.6 zuwa 3.7. Idan aka haɗa biyun, kilo ɗaya na kammalallen batirin nikel kan riƙe Wh 250 ko fiye (Wh ma'aunin jimillar wutar da batir ke ɗauka ne), na LFP kuwa yawanci tsakanin 150 da 180. Ga babur mai lantarki ko jirgi marar matuƙi, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Dalilin ƙarin shi ne nikel ne ke yin mafi yawan aikin. Yana zama a matakai uku, Ni2+ da Ni3+ da Ni4+, gwargwadon ilektron ɗin da ya saki, kuma duk litiyam ɗin da ya fita sai wani nikel ya hau mataki. Matsalar ita ce Ni2+ kaɗai ne matakin da nikel ke natsuwa a kai. A NMC111 kusan duk nikel ɗin a nan yake zaune kafin caji, domin manganis ya ɗauke masa nauyi. A NMC811 manganis bai isa ba, don haka tun garin yana sabo mafi yawan nikel ɗinsa Ni3+ ne, kullum yana neman hanyar komawa ƙasa. Idan aka cika caji kuma ya zama Ni4+, wanda ya fi rashin haƙuri nesa ba kusa ba. Duk wata matsalar da za ta biyo baya, tun daga buhun gari har gobarar rumfa, wannan ce uwarta.

Tun a masana'anta ake fara ganin halin. Ana narkar da gishirin salfet na ƙarafan uku a ruwa, a riƙa ɗiga musu sodar sabulu da amoniya a pH na kusan 11, har su taru su zama ƙwayoyi masu faɗin kimanin maikiromita 10, kowace ƙwaya dunƙule ce ta dubban ƙananan lu'ulu'ai. Sai a gauraya da litiyam a gasa a tanderu. Ga NMC111, litiyam kabonet da iskar gari sun wadatar, a zafi sama da digiri 900. Ga 811 dole a sauko zuwa tsakanin 700 da 800, a busa zallar oksijin, a kuma yi amfani da litiyam haidiroksaid, wato LiOH, domin shi yana narkewa tun a digiri 460 da ɗoriya, kabonet kuwa sai ya wuce 720. Idan zafi ya yi yawa ko oksijin ya gaza, wani nikel ɗin ya tsaya a Ni2+. Girman Ni2+ kuwa angistiram 0.69 ne, na litiyam 0.76, kusan sa'anni, sai ya kutsa layin litiyam ya zauna ya tare hanya. Batirin da aka yi da irin wannan gari tun ranar farko ba ya cika alƙawarin da ke jikinsa. Wannan ma ya isa ya nuna cewa tsakanin dutsen litiyam da ake haƙowa a Nasarawa da LiOH mai tsarkin da aikin ke nema akwai matakan tacewa da yawa, kuma a matakan nan ne kuɗin yake.

Inda ya fi shafar mai bincike a ɗakin gwaji shi ne fatar garin. Ana zuba litiyam fiye da ƙima kaɗan lokacin gashi, kuma saboda zafin bai kai na NMC111 ba, wani yana saura a waje. Bugu da ƙari, da zarar laima ta taɓa ƙwayar, litiyam na fatar yana fitowa, haidirojin na ruwa ya shiga gurbinsa. Wanda ya fito ya zama LiOH, iskar CO2 da ke cikin numfashinmu ta same shi ta mai da shi litiyam kabonet. A ƙarƙashin wannan ɓawo kuma nikel ya koma Ni2+, tsarin hawa-hawan da litiyam ke bi ya rushe ya zama toshewa. Launin garin ba ya sauyawa, ba ya wari, ba ya dunƙulewa a farko. Buhun da aka bari a buɗe na 'yan kwanaki a damina yana nan kamar sabo, alhali ya riga ya tafi.

A nan yanayin Kano ke ruɗin mutane. A watan Agusta, mita kubik ɗaya ta iskar gari kan ɗauki ruwa kusan giram 19 ko 20. A hunturu, ranar da zafi yake digiri 30 laima kuma kashi 15 cikin 100, ruwan bai wuce giram 4 da rabi ba, leɓe na tsagewa, sai a ɗauka iska ta bushe. Ɗakin da ake sarrafa wannan gari kuwa ana so a busar da shi har sai raɓa ba za ta sauka ba sai a digiri 40 ƙasa da sifiri, wato ruwa bai kai giram 0.2 a mita kubik ɗaya ba, laima ƙasa da kashi 1 cikin 100. Ke nan iskar Janairu ma ta ninka abin da ake so fiye da sau ashirin, ta Agusta kuwa sau ɗari. Hunturun kuma yana zuwa da tasa matsalar, ƙura. Ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla guda ɗaya da ya faɗa cikin katod zai iya narkewa idan batir ya cika, ya sake taruwa a anod, ya huda fallen da ke raba ɓangarorin biyu. Shi ya sa masana'antu ke ratsa garin ta maganaɗisu, kuma ba a tankaɗe shi da rariyar da ke tsatsa ko a ɗebe shi da cokalin tagulla.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta maganin wannan, rage laima kawai take yi. Ɗakin gwajin da ba shi da busasshen ɗaki, mafitarsa akwatin safar hannu mai iskar agon, wato rufaffen akwatin da ake aiki a cikinsa ta safar hannu da ke manne a jikinsa, inda ruwa da oksijin ke ƙasa da kashi 1 cikin miliyan. Garin yana zuwa ne a jakar alminiyam da aka zuƙe wa iska aka liƙe. A buɗe ta a cikin akwatin, a raba garin a ƙananan kwalabe gwargwadon aikin rana ɗaya, don kada a riƙa buɗe babbar kullum. Idan jakar ta kwana a wuri mai sanyi, a bar ta ta ɗauki zafin ɗaki kafin a yanka, in ba haka ba raɓa ta sauka kai tsaye a kan garin. A kuma tanadi wutar da ba ta yankewa ga akwatin da na'urar zuƙe laima, domin ɗaukewar wuta ta dare ɗaya a damina ta isa ta ɓata kayan wata guda.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a zuba giram 1 na garin a mililita 10 na tataccen ruwa, a juya na ƙayyadadden lokaci, a auna pH. Ba abin mamaki ba ne a ga 11 da wani abu. Idan ya kai 12 ko ya haura, a yi tsammanin matsala. Mai son sanin adadi sai ya tace ruwan ya riƙa ɗiga masa tsarmammen asid na HCl, zai ga pH ya faɗi a wurare biyu, wajen 8.3 da wajen 4.5, daga nan ake raba lissafin LiOH da na kabonet. Lokacin juyawar ya zama ɗaya a kowane gwaji, domin ruwan da kansa yana ci gaba da tatso litiyam daga cikin ƙwayar muddin tana jiƙe, sai sakamako ya yi ƙarya.

Matsalar da ake tsammanin ita ce daskarewar kwaɓi. Ana haɗa garin da baƙin kabon mai kai wuta da danƙon PVDF a cikin NMP, ruwan sinadarin da ke narkar da danƙon. A ɗakin gwaji rabon 90 da 5 da 5 ya wadatar, wato a giram 10, gari 9, kabon rabi, danƙo rabi. Masana'antu kan kai garin kashi 96. LiOH ɗan'uwan sodar sabulu ne, kuma idan ya sami 'yar laima yana fizge haidirojin da fulorin daga jikin PVDF, sai igiyoyin danƙon su sarƙe da juna. Kwaɓin da ya kamata ya riƙa zuba kamar koko sai ya yi kauri a hannunka, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya daskare, ba ya shafuwa, ƙarin NMP kuma ba ya dawo da shi. Rigakafin shi ne a busar da danƙon da kabon tun da fari, a yi amfani da NMP daga kwalbar da ba ta sha iska ba tunda shi ma yana jan ruwa, a narkar da danƙon shi kaɗai, a saka kabon, garin katod ya zo ƙarshe. Kada a bar kwaɓin ya ɗumame wajen juyawa, kuma a shafa shi nan take. Bayan ya bushe a danne shi da injin murza, a sake busar da shi kwana guda a digiri 120 a tanderun da ke zuƙe iska, daga nan ya wuce akwatin agon ba tare da ya tsaya a tebur ba. Ruwan da ya saura zai haɗu da gishirin LiPF6 na ruwan batir ya haifi asid na HF mai cin katod, kabonet ɗin da ya saura kuma ya zama CO2, wanda yana cikin abubuwan da ke kumbura batir mai siffar jaka.

Wasu kan ce a wanke garin kawai. Masana'antu na yin haka, amma wanki ne na ɗan lokaci da ruwa ƙayyadadde, a tace da sauri, a sake gasawa, sau da yawa a lulluɓe ƙwayar da siririn rufi na alminiyam oksaid ko boron. Wanki ba tare da sake gashi ba yana cire ɓawon ne ya bar fatar da ta fi ta da lalacewa. Haka nan busarwa a digiri 120 tana korar ruwa amma ba ta taɓa kabonet ba. Kwaɓawa da ruwa maimakon NMP ma ana bincike a kai, amma kaifin kwaɓin yana cin fallen alminiyam ya bar shi da ramuka.

Garin kansa guba ne. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa sinadaran nikel a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo sankara, kuma nikel da kobalt suna sa ƙaiƙayin fata da ciwon huhu. Takunkumin ƙyalle bai isa ba, sai mai tace ƙura sosai, da safar hannu da tabarau. Wanda ya zube a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya. NMP kuma yana ratsa fata, yana cutar da ɗan tayi, mai juna biyu ta nisance shi.

Mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa riƙe garin ba, kammalallen batir za su riƙe, kuma a can ma halin nikel bai sauya ba. Yayin da litiyam ke fita, hawa-hawan katod na ɗan buɗewa, amma a ƙarshen caji, wajen bolt 4.1 zuwa 4.2, sai su rufta farat ɗaya, abin da masana ke kira sauyi daga H2 zuwa H3. Ƙananan lu'ulu'an da ke cikin kowace ƙwaya ba su fuskanci gefe ɗaya ba, sai kowanne ya ja nasa ɓangaren, ƙwayar ta tsage. Ruwan batir ya bi tsagar ya sami sabuwar fata mai Ni4+, ya ci ta, ita ma ta toshe. Idan kusan kashi 80 na litiyam ya fita, katod ɗin ma ya fara sakin oksijin ɗinsa. Masana'antu na rage wannan da ɗan alminiyam ko zakoniyam ko tangistin a cikin ginin, ko su yi ƙwayar ta zama lu'ulu'u guda da ba shi da gaɓar tsagewa. Mai amfani kuwa maganinsa a hannunsa yake: ya tsaida caji a 4.1, ko ma 4.0. A 4.1 abin da zai rasa kimanin kashi 10 ne na wuta, amma batirin ya daɗe ƙwarai fiye da wanda ake kai wa maƙura kullum. Mafi muni shi ne a cika shi a ajiye a zafi. A Afrilu da Mayu, inda inuwa ma kan wuce digiri 40, cikin kwantena ko motar da aka rufe a rana kan haura 50, alhali yawancin masu ƙera waɗannan batura sun hana caji sama da digiri 45. Wanda zai ajiye haja ya bar ta a bolt 3.6 zuwa 3.7, a inuwa mai iska. Ba banza ba ne dokar jiragen sama ta hana ɗaukar baturan litiyam da ke zaman kansu idan cajinsu ya wuce kashi 30.

Kuskuren da ya fi saurin kawo gobara shi ne na caja. Batirin da ake kira na bolt 48 iri biyu ne a kasuwa. Na nikel jeri 13 ne, wato 'yan batura 13 a jere, cajarsa 54.6. Na LFP jeri 16 ne, cajarsa 58.4. Bakin cajar kan zo ɗaya, mai shago kuma ya ce ai duk 48 ne. Idan aka sa ta 58.4 a jeri 13, kowane ɗan batir zai doshi 4.49, kuma babu abin da ke tsakaninsa da wuta sai allon BMS mai kula da iyakar caji, wanda shi ma sau da yawa an saya mai arha ko an tsallake shi da waya saboda yana yanke wuta. BMS na LFP ma ba ya aiki a na nikel, iyakokinsu daban. A ɗaya gefen, ɗan batirin da aka tsinta ya sauka ƙasa da bolt 2 ya daɗe a haka, tagullar anod ɗinsa na iya narkewa, ta zama ƙaya a ciki idan aka sake caji. Farfaɗo da shi a sa a jeri caca ce da dukiyar maƙwabta. Kada a haɗa INR da IFR a jeri ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo, kuma a liƙa su da injin waldar ɗigo da fallen nikel, domin ƙarfen dalma yana daɗewa a kan murfin har zafi ya isa robar da ke ciki. Duk 18650 da aka rubuta wa mAh 9900 ƙarya ce, na gaskiya yawanci iyakarsa wajen 3500, nauyinsa kuma giram 45 zuwa 48. Sikelin 'yan gwal ya isa ya tona asirin jabu.

Idan zafi ya kufce, abin bi da bi yake tafiya. Tsakanin digiri 80 da 120 rufin da ke kare anod ya fara rushewa yana ƙara zafi. Wajen 130 fallen rabawa na roba ya narke. Cikakken NMC811 yana sakin oksijin idan zafi ya ɗan wuce 200, NMC111 kuwa sai kusan 300, LFP kuma fosfet ɗinsa na riƙe oksijin gam. Daga nan batir ya haɗa mai da iska a cikinsa, ya kunna na kusa da shi. Abin kashe gobara na hoda ko na CO2 zai kwantar da harshen wuta amma ba ya sanyaya ciki, sai ta sake tashi. Ruwa mai yawa ake so, a yi ta zubawa bayan an yanke wutar gida, a kira 'yan kwana-kwana, a kauce wa hayaƙin domin akwai HF da iskar CO a ciki, sannan a fitar da ragowar fili a sa mata ido har kwana guda.

Saboda haka, ga batirin sola da zai zauna a lungun ɗaki yana cika kowace rana a zafin Kano, LFP ne zaɓin da ya dace, kuma haɗa irin wannan batir daga tsofaffin INR don a rage kuɗi ba dabara ba ce. Bango ba ya jin nauyi, babu dalilin sayen haɗarin nikel a inda ba a buƙatar sauƙinsa. Wurinsa shi ne abin da ake ɗauka ko ake hawa, a hannun wanda ya san iyakar bolt ɗinsa.

Saura 'yan gwangwan da ke fasa matattun batura don fallen tagulla da alminiyam. Baƙin garin da ke zuba a hannunsu shi ne wannan katod ɗin, da nikel da kobalt ɗinsa, kuma shi ne ya fi komai daraja a cikin batirin, a ƙasashen da ke da masana'antar tace shi saye ake yi. Batirin da ake gani ya mutu sau da yawa yana da sauran wutar da za ta tashi idan guduma ta huda shi. Mai tara su ya manne bakin kowanne da salatif, ya zuba su a durom ɗin ƙarfe da busasshen yashi tsakaninsu, nesa da rumfa da wurin kwana, kada ya ƙona su don fitar da ƙarfe, kada kuma ya bar yara su yi aikin fasawa.